Tana Ɗan Taya Mu Ne

Kullum Auta ce ke buɗe shagon gilashin ido da ke kwanar titi. Ita ke sa kafaɗa ta ɗaga ƙofar ƙarfen da ta daɗe tana cijewa, ta kunna fitilu, ta goge madubai, ta jera firam ɗin gilasai a kan kanta, sannan ta shige ɗakin baya ta zuba wa injin yanka ruwa. Kafin Yaya ya iso yana kaɗa mukullin mota a yatsa, ta riga ta yanke gilasan da aka bari jiya, ta ɗaura su, ta wanke su, ta sa kowanne a gidansa. Shi kuma sai ya zauna a kujerar gaba, ya gyara wuyan riga, ya fara miƙa wa mutane kayansu yana amsa godiya.

Wata safiya wani dattijo ya gwada nasa. Ya ɗaga kai ya karanta allon shagon da ke tsallaken titi, ya sunkuya ya duba layukan tafin hannunsa, ya yi dariya har da girgiza kai.

"Ɗana, wa ya yi wannan aikin? Ko kaɗan bai matse min kunne ba."

"Aikinmu ne, Baba," in ji Yaya.

Dattijon ya nuna Auta da haɓa, tana tsaye bakin ƙofar ɗakin baya, hannunta fari fat da ƙurar gilashi. "Wannan yarinyar fa?"

"Ƙanwata ce. Tana ɗan taya mu ne."

Wai yarinya. Ta haura talatin, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, amma a gidansu Auta ce, auta kuwa ba ta girma. Tun da mahaifinsu ya kwanta ciwon da bai tashi ba aka ce ta ɗan ajiye jami'a ta riƙe shago na zango ɗaya, take wannan tayawar. Zangon bai ƙare ba har yau. Kalmar tana da daɗi a baki, shi ya sa ba a ganin haƙoranta. Mai tayawa ba shi da albashi, sai sannu da ɗan abin sayen sabulu. Ba shi da hutu, don ba wanda ya ɗauke shi aiki balle ya ba shi hutu. Kuma ba shi da bakin cewa ya gaji, tunda ai taimako yake yi.

Akwai wata likitar ido da ke kawo gilashinta gyara in ya sami matsala. Ranar da ta zo da hannun firam ɗinta a lanƙwashe Yaya ya fita, sai ta bi Auta har ɗakin baya, ta tsaya tana kallon yadda take gasa robar da iska mai zafi, tana murza ta a hankali da babban yatsa har ta miƙe.

"Ƙanwata, kina son aiki?"

Auta ta ɗago. "Ai ga shi ina yi, Likita."

"Na albashi nake nufi, mai hutu, mai suna. Asibitinmu zai buɗe sashen haɗa gilashi. Mutanen ofis sun kafe sai mai digiri, ni kuma na ce hannu nake nema. Mun ja, mun ja, da ƙyar suka sauko. Sun ce in babu digiri, to wanda mutum ya yi wa aiki ya shaida da bakinsa cewa ya yi. Za su kira shagon nan. Magana biyu ce, an gama."

Auta ta yi ta godiya. Bayan Likita ta tafi, ta zauna kan kujerarta mai ƙafa uku ta kasa ɗaukar komai. Murna take ji, irin wadda ta manta yadda ake yin ta.

Da yamma, ana cin abinci a falo, ta faɗa. Mama ta ajiye cokali. Matar Yaya ta dubi mijinta. Yaya kuwa bai fasa taunarsa ba, sai da ya haɗiye ya sha ruwa sannan ya ce, "To madalla. Su kira mana, me zai hana?"

Suka kira kuwa, ana tsakiyar ciniki. Auta na ɗakin baya ta kashe inji, tana ƙoƙarin zura wani mitsitsin noti a hancin firam, ƙofa a buɗe rabi. Ta ji wayar shago ta yi ƙara, ta ji Yaya ya ɗauka da muryar nan tasa mai taushi da yake ajiye wa baƙi.

"Na'am, ni ne mai shagon. Wa? Au, Autarmu kuke nufi. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya saurara. "Ma'aikaciya? A'a, gaskiya ba zan yi muku ƙarya ba, ba mu taɓa ɗaukar ta aiki ba. Tana ɗan taya mu ne, in zaman gida ya ishe ta. Injin? Eh to, tana ɗan taɓawa. Ba komai, ni ne da godiya."

Notin ya suɓuce daga yatsunta. Ta durƙusa tana lalubensa a ƙarƙashin tebur, ta daɗe a durƙushen bayan ta same shi. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Sai da shago ya yi sarari ta fito.

"Yaya, me na yi maka?"

"Kamar yaya?"

"Na ji abin da ka ce musu."

Ya juyo da kujera gaba ɗaya, ya buɗe hannuwa. "To nuna min inda na yi ƙarya. Na taɓa ɗaukar ki aiki? Ke 'yar gida ce, shagon nan na ubanki ne kamar yadda yake na ubana. So kike in tsaya gaban bare in ce 'yar uwata 'yar aikina ce? Ni kam ina da kunya. Darajarki na ɗaga, ba ki gane ba."

"Darajar da ta hana ni aiki."

"Aikin me? Ki je wani ya riƙa yi miki tsawa don kin makara? Nan wa ya taɓa ɗaga miki murya?" Ya ɗauki tsumma yana goge kantar da ta riga ta goge. "Kuma in kin tafi, wa zai riƙe injin?"

Nan gaskiyar ta zame masa daga baki. Shi ma ya ji ta, don sai ya miƙe ya ce yana da wanda zai gani, ya fice.

Ta kai ƙara wurin Mama, ta same ta tana ninke wanki a bakin gado. Mama ta saurare ta tsaf, ba ta daina ninkewa ba.

"Yayanki ya san abin da yake yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wannan shagon muke ci, da shi ake sayen maganina. Ki bar shi ya rushe don ki je ki gina na wasu?"

"Mama, ban ce ya rushe ba. Ya ɗauki wani mana. Ni dai ya faɗi gaskiya kawai, ya ce na yi aiki. Ko ni in kira su in yi musu bayani."

Mama ta ajiye zanen da ke hannunta, ta dube ta ta saman gilashi. Gilashin ma Auta ce ta yanka shi.

"Ki ce musu me? Yayanki maƙaryaci ne? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki ji ni da kyau, Auta. Duk ranar da kika ƙaryata ɗan uwanki a gaban bare, ban yafe ba."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba. A hankali ta faɗe ta, sannan ta miƙa mata ƙafa ta ce ta ɗan matsa mata, yau gwiwar ta hana ta sakat. Auta ta zauna a ƙasa ta matsa.

Matar Yaya ma ta ba da nata a kicin, tana zuba wa yara abinci. "Ke dai ki gode wa Allah, ƙanwata. Ga ɗaki, ga abinci, ga rufin asiri. Masu digiri nawa ke yawon neman aiki takalmi ya cinye? Wallahi ni har sha'awar ki nake yi." Ta faɗi haka ne jakar ofis na rataye a kafaɗarta, don yanzu ta taso daga aiki, ta kuma roƙi Auta ta taya ta wanke-wanke tunda ita ta gaji.

Da Likita ta sake zuwa, ba ta shiga ɗakin baya ba. A bakin ƙofa ta ja Auta gefe, tana kallon ƙasa kamar ita ta yi laifin.

"Ni na san hannunki. Amma ofis ba su san hannu ba, abin da aka faɗa musu suka sani. Ɗan uwanki da bakinsa ya ce ba ki yi aiki ba. Yanzu in na sake tayar da maganar, cewa za su yi 'yar uwata nake son cusawa. Ko za ki sa shi ya kira su ya gyara?"

"Zan gwada, Likita," in ji Auta, alhali ta san ba za ta gwada ba.

Sai ta juya ta ɗayan gefen. Tunda takarda ake so, a bar ta ta koma ta ƙarasa karatunta. Yaya ya ce magana mai kyau, amma a bari wannan hada-hadar ta wuce. Hada-hadar ta wuce wata ta zo. Da ta saci jiki wata rana ta je makarantar ta tambaya, aka ce abin da ta yi a baya ya daɗe da lalacewa, sai dai ta faro daga ajin farko. Ta dawo ta faɗa wa Yaya, ya yi dariya har da dukan cinya.

"Da girmanki ki zauna benci ɗaya da 'ya'yan cikinki? Haba Auta. Ke da kika fi malamansu sanin aikin, me takarda za ta ƙara miki?"

Ba a daɗe da wannan dariyar ba wani kamfani ya ba shagon aikin yi wa ma'aikatansa gilasai, da sharaɗin a sami mai digiri a fannin da zai sa ido. Yaya ya shigo da wani saurayi siriri mai sabon takalmi, ya ce daga yau shi ne manaja.

Auta ta jira saurayin ya fita sayen ruwa. "Yaya, ni fa?"

"Ke me?"

"Manajan."

"To ai ba ki da takarda." Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin rasuwar da ba shi ya jawo ba. "Zamani ne ya zo da haka, ba ni ba. Da kin ƙarasa karatunki, wa zan ba in ba ke ba? Ki dai taya shi ya gane kan injin."

To ga ta nan. A waje an ce ba ta yi aiki ba, a gida an ce ba ta yi karatu ba. Gaba kura, baya sayaki, kuma duk biyun a falo ɗaya suke cin abinci da ita.

Ta so ta tsani Manaja, ta kasa. Yaro ne mai ladabi, Anti yake kiran ta, kuma ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. Ranar farko ya fasa gilashi a inji, ya tsaya yana zufa, ta ce ya kwantar da hankalinsa, kowa da haka ya fara. Ta koya masa yadda ake jin gilashi a yatsa kafin ya tsage, da yadda ake sauraren kukan injin in ruwa ya yi kaɗan, da yadda za ka kalli hancin mutum da kunnuwansa ka san firam ɗin da zai zauna masa. Shi kuma ya buɗe littattafansa ya nuna mata dalilin abubuwan da hannunta ya daɗe yana yi ba tare da ya san sunansu ba: me ya sa in aka karkata wani gilashin kaɗan sai mai shi ya ga ƙasa na gudu, me ya sa tsakiyar gilashi dole ta faɗa daidai ƙwayar ido. Ta ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ya yi mata ciwo, don ta ga abin da aka hana ta.

Amma kantar gaba ta zama ta Manaja. Yaya ya ce bai dace baƙin kamfani su shigo su ga mutum da farin hannu a gaba ba, don haka aka mayar da ita ɗakin baya dungurungum. Ɗakin ba shi da taga. Da safe take shiga, in ta fito rana ta yi sanyi. Aikin kamfani ya ninka na da, ruwan inji ya tsattsaga mata yatsu har sabulu na yi mata zafi, bayanta ya riƙe. Tsofaffin masu zuwa shagon da suka saba tambayar ta suka tambaya sau ɗaya, sau biyu, aka ce tana ciki, suka daina. Idonta ma ya fara gardama, sai ta nisanta noti da fuskarta kafin ta ga ramin. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗauki wani tsohon gilashin da mai shi bai dawo karɓa ba, shi take sawa in ta rufe ƙofa.

Wata rana Manaja ya shigo ɗakin baya fuskarsa cike da fara'a, ya jingina da bango.

"Anti, ki taya ni addu'a. Akwai wani asibitin ido da ke neman mai riƙe musu sashen haɗa gilashi. Sun daɗe suna nema, wai sai mai digiri kuma wanda hannunsa ya faɗa. Na je, sun gwada ni a inji, sun ce saura su kira nan su ji daga bakinku." Ya sosa ƙeya. "Duk abin da na yi a gabansu, naki ne. Da ba ki koya min ba da na sha kunya."

Asibitin Likita ne, amma shi bai san komai ba, ta gani a idonsa. Ta ce, "Allah ya sa alheri, Manaja. Za ka iya." Da ya fita ta kunna inji ba tare da ta sa gilashi a ciki ba, ta bar shi yana kuka.

A gida Yaya ya yi ta ƙorafi, wai yaran yanzu ba su da amana, ka koya musu aiki su gudu. Mama ta ce to ya hana shi mana, ya ce musu bai iya ba. Yaya ya girgiza kai da gaske.

"A'a Mama, Allah ya kiyaye. Ɗan mutane ne. In tare wa ɗan wani hanyar abincinsa? Ina zan kai wannan alhakin?"

Mama ta ce Allah ya yi masa albarka, haka ubansa yake, ba ya cin haƙƙin kowa. Auta tana tsugune tana kwashe kwanuka. Ba wanda ya dube ta, don ba wanda ya ga abin dubawa.

Ranar da aka kira, Manaja ya kai kaya kamfani, Yaya ya tsallaka titi gaida wani. Mama ce zaune a kujerar baƙi, ta zo a ɗaure mata gilashinta da ya saki. Wayar ta yi ta ƙara har Mama ta ce, "Ba za ki ɗauka ba?" Auta ta goge hannu a jikin riga ta ɗauka.

Muryar mace ce, mai sauri, daga ofishin asibitin. Ta faɗi sunan Manaja, ta tambaya ko yana aiki a nan.

"Yana yi."

"Yana yanka gilashi da kansa?"

"Yana yankawa. Hannunsa na da kyau, ba ya gaggawa, kuma yana da gaskiya."

"A nan ya koya?"

"A nan ya koya."

"Madalla. To da wa nake magana? Mene ne matsayinki a wurin?"

Amsar tana nan a bakinta, a shirye, ta yi shekara da shekaru tana jira. Ni ce na koya masa. Ni ce ke buɗe shagon nan, ni ce ke rufe shi, duk gilashin da ya fita ta ƙofar nan ta hannuna ya bi. Kuma wannan ofishin ne, mai yiwuwa ma wannan muryar ce, aka taɓa gaya wa cewa ita ba kowa ba ce. Numfashi ɗaya ya isa.

Ta ɗaga ido. Yaya ya dawo, yana tsaye bakin ƙofa da mukulli a yatsa. Mama ta runtse ido tana kallon inda take, fuskarta tsirara babu gilashi, don gilashin yana hannun Auta.

"Ina ɗan taya su ne," in ji Auta.

"Au. To yi haƙuri, ba za mu iya karɓar shaidarki ba. Ba ni wani da ke aiki a wurin."

Ta miƙa wa Yaya wayar. Ya karɓa, ya gyara murya, ya shiga yabon Manaja, yana cewa shi da kansa ya zaunar da yaron ya koya masa aiki tun daga tushe.

Zaluncin bare yana da suna, ana iya kai ƙararsa. Na gida kuwa da sannu yake zuwa, da Allah ya yi miki albarka, har ya koya wa wanda ake zalunta ya riƙa faɗar kalmar da bakinsa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kulle ta a ɗaki. Kowa a gidan nan zai rantse yana son Auta, kuma ba ƙarya zai yi ba.

Ta ɗaure notin, ta hura gilashin ta goge, ta sa wa Mama a fuska, ta gyara mata shi a bayan kunne. Mama ta ƙifta ido, ta dube ta sama da ƙasa, ta yi murmushi.

"Yauwa, yanzu na gan ki sarai."

Yaya ya ajiye waya ya ce tunda yaron zai tafi, gobe wani sabon mai digiri zai zo, ta daure ta taya shi ya gane kan injin. Auta ta ce to. Ta shiga ɗakin baya ta ja ƙofa.